Fawunda da Ƙuli-ƙulin Yayarsa

A unguwarsu babu mai kiransa Sirajuddeen sai mahaifiyarsa, Nna Madina. Yayarsa Salihatu kuma Siraju take ce masa. Sauran jama'a kuwa Fawunda suka sani, har da tsofaffin da suka ɗauka wata sarauta ce ta 'yan boko. Shi kuma bai taɓa gyara musu ba. In aka matsa masa da tambaya yakan ce kalmar Turanci ce, ana nufin wanda ya kafa kamfani, kuma shi uku ya kafa kafin ya gama jami'a.

Gidansu Nufawa ne. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Bida ya zauna a Kontagora, ya mutu a nan. Mahaifinsa, Malam Nma, ya yi shekaru yana bin kasuwannin ƙauye, su Bangi da Kasuwan Garba, yana saro masara da gyaɗa, har lokacin da hanyar ta zama ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, ya haƙura ya zauna a rumfa. Amma abin da ya riƙe gidan tun fil azal ƙuli-ƙuli ne. Nna Madina ta gada wajen uwar mijinta. Da bayanta ya fara ciwo sai Salihatu ta karɓa. Salihatu ta yi karatun koyarwa, tana da takardar shaidar malanta a lissafi, ta nemi aiki shekara uku ba ta samu ba, ta ninke takardar ta sa a ƙasan akwati ta koma bakin murhu. Kullum da sassafe take zuwa daga gidan mijinta, ita da wasu mata huɗu da take biya. A soya gyaɗa, a murje, a sheƙe, a kai inji, a dawo a matse mai, a murza tunkuzar siri-siri irin na Nufawa a soya da yaji. Ƙamshin kan kai har bakin titi.

A cikin wannan ƙamshin Sirajuddeen ya tashi, shi ne auta, kuma tun yana ƙarami ya ƙi jininsa. Yana aji huɗu na firamare aka ɗora masa faranti aka tura shi tasha. Ya dawo da la'asar da farantin a cike kamar yadda ya tafi da shi, amma ya san sunan kowane direba, ya kuma ba biyu daga cikinsu shawarar su sake fentin motocinsu. Nna Madina ta dubi farantin, ta dubi ɗanta, ta ce a bar shi ya yi boko.

Ya yi bokon. Ya samu gurbi a jami'a nan cikin gari, sashen ilimin kasuwanci. Shekarar farko ta wuce lami lafiya, ba yabo ba fallasa. A shekara ta biyu ne wata ƙungiya mai suna Cibiyar Hangen Gobe ta zo daga Abuja ta shirya wa ɗalibai bita ta kwana uku a zauren wani otel. Sirajuddeen ya je ne saboda an ce ana ba da shinkafa da kaza. Mai jawabin wani Mista James ne, siriri, sanye da kwat ba tare da safa ba, yana yawo a gaban majigi da ɗan makirfo manne a kunci. Ya ce musu aikin gwamnati ya mutu. Ya ce duk wanda ke zauren zai iya zama biloniya. Ya ce abu ɗaya kawai ake buƙata: ka nemo matsala, ka ƙirƙiri manhajar waya da za ta warware ta.

Sirajuddeen bai ji ɗanɗanon kazar ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda mutum ɗari biyu suka yi tsit suna sauraron mutum ɗaya, da yadda aka tafa da ya gama. Babu wanda ya tambayi Mista James ko shi biloniyan ne. A ranar ƙarshe Sirajuddeen ya ga an ɗauko shi a acaɓa zuwa tasha, ya ce a ransa wannan shi ne tawali'un manya.

Cikin mako guda ya buga katin shaida mai ruwan zinariya, da sunansa da muƙaminsa na Fawunda. Sunan kamfanin ne kawai aka bar wa gurbi, don bai riga ya yanke shawara ba. Ya sayi kwat ruwan toka a gwanjo, ya daina sa safa.

Tunda shi ko kunna kwamfuta sai an taimaka masa, sai ya nemo Andarawus, wani Bakambare shiru-shiru da ke sashen kwamfuta, wanda ɗalibai ke kai wa wayoyinsu in sun lalace. Ya zaunar da shi a gindin darbejiya ya yi masa bayani na awa biyu. Andarawus bai fahimci rabin maganar ba, amma da suka tashi ya tarar an naɗa shi babban jami'in fasaha na kamfani, kuma ya ji daɗin abin fiye da yadda ya zata.

Kamfanin farko sunansa Ci-Yanzu. Matsalar da Sirajuddeen ya gano ita ce ɗalibai na shan wahalar zuwa sayen abinci. Da manhajarsu, ɗalibi na kwance a ɗaki zai latsa waya a kawo masa shinkafa da wake har gado. Andarawus ya yi wata biyu yana aikin, ya rame, manhaja ta fito tana aiki tsaf. Aka yi bikin ƙaddamarwa da lemo da fosta mai hoton Fawunda ya harɗe hannuwa a ƙirji. Abin da ba a lissafa ba shi ne, daga ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai zuwa rumfar mai abinci taku talatin ne, kuma rabin dalilin zuwa can hira ce da kallon 'yan mata. Mutum huɗu suka sauke manhajar: shi, da Andarawus, da tsohuwar wayar Andarawus, da wata yarinya da ta zaci wasan waya ne ta goge washegari.

Sirajuddeen bai karaya ba. Ya rubuta dogon bayani a Fesbuk a kan darussa bakwai da faɗuwa ta koya masa, mutum tamanin suka yaba. A nan ya fara lura cewa labarin kamfani ya fi kamfanin kansa kasuwa.

Kamfani na biyu ya fi girma. Kiwo-Zamani. Za a rataya wa kowace saniya wata 'yar na'ura a wuya, in aka sace ta sai waya ta nuna inda take. Andarawus ya haɗa samfuri ɗaya da kayan tsohuwar waya da batir, ya cusa a cikin gwangwanin madara. Suka gwada a wuyan akuyar maƙwabta, ta yi aiki, suka bi akuyar a waya har bayan masallaci. Sirajuddeen ya ce lokaci ya yi da za a je wurin masu dukiyar.

Wani abokin mahaifinsa ya haɗa su da wani dattijo makiyayi a Bobi, Arɗo Mika'ilu. Suka tafi ranar wata Asabar, Sirajuddeen cikin kwat, rana na dukansa, Andarawus rungume da gwangwani. Arɗo ya shimfiɗa musu tabarma, aka kawo nono, ya saurari jawabin daga farko har ƙarshe bai katse ba. Ya karɓi gwangwanin ya jujjuya shi, ya kara a kunne.

"To, ɗana," in ji Arɗo, "in ɓarayi suka kore mini shanu, wannan abin zai nuna inda suke?"

"Ƙwarai, Baba. Har gindin bishiyar da suke tsaye."

"Madalla. Sai kai ka je ka karɓo mini?"

Sirajuddeen ya yi 'yar dariya ya ce a'a, aikin kamfani bayar da bayani ne kawai.

Arɗo ya miƙa hannu ya nuna wani duhun daji can yamma. "Bara an kore mini arba'in da biyu. Ka ga can? Can suke. Ni na sani, matana sun sani, yaran nan da ke wasa sun sani. Ba sanin wurin ne ya gagare mu ba."

Ya mayar wa Andarawus gwangwaninsa da hannu biyu, ya ce Allah ya yi wa karatu albarka, ya sa aka ƙara musu nono. A mota Sirajuddeen ya ce matsalar mutanenmu ita ce ba su shirya karɓar canji ba. Andarawus ya juya yana kallon gonaki ta taga.

Suna shekarar ƙarshe aka sanar da gasa. Wata gidauniya ce ta shirya wa ɗalibai masu kamfani, kyautar farko jari ne mai kauri da tafiya Abuja. Sai dai sharuɗɗan sun yi tsauri. Dole ya zama kasuwanci ne da ke tafiya, mai abokan ciniki na gaske, kuma an fi son wanda ke tallafa wa matan karkara. Sirajuddeen ya karanta takardar a tsakar gidansu, yana zaune a kan turmin da aka kife, hayaƙi na shiga masa ido. Ba shi da kasuwanci mai tafiya. Ba shi da abokin ciniki ko ɗaya. Ya ɗaga kai don ya ce a rage wutar nan, sai ya ga mata biyar sun duƙufa a kan aiki, ga kwalaye jere a jikin bango an rubuta Ilori, Sakkwato, Yawuri. Shekara ashirin da huɗu yana wuce su ya toshe hanci. Ranar ya tsaya ya ƙirga su.

Kamfani na uku sunansa Gyaɗa-Gold. Ya roƙi Salihatu ta bari ya ɗauki hotuna, wai aikin makaranta ne. Matan suka ji za a yi hoto suka sako atamfofinsu na biki. Ya ce a'a, su koma su sa na aiki, in da hali ma waɗanda suka fi tsufa. Ya kawar da babur ɗin Salihatu daga inda kyamara za ta gani, ya jawo wata tsohuwar bukkar kaji ta zama bango. Ya ce kada su yi dariya a hoton farko, su yi a na biyu. Na farko shi ne kafin zuwansa, na biyu bayan zuwansa. Tsakaninsu minti uku.

A gaban alƙalan gasa, a Minna, ya yi jawabin da shi kansa sai da idonsa ya kawo ruwa. Ya ce wata rana yana tafiya a wani ƙauye ya tarar da mata biyar cikin ƙuncin talauci, suna da basira amma ba su da kasuwa. Ya ce bai iya barci ba. Ya ce shi ya koya musu tsabta da auna kaya, ya buɗe musu hanyar Ilori da Sakkwato. Ya raba wa alƙalai ƙuli-ƙulin Salihatu a cikin wata leda mai ƙyalli da tambarin kamfani. Suka tauna, suka gyaɗa kai, ɗaya ya nemi ƙari. Ya shiga cikin ukun ƙarshe. Sai aka ce kafin a yanke hukunci, wakilan gidauniya za su zo su ga wurin da idonsu.

Kwana biyu yana zagaye Salihatu kafin ya iya buɗe baki. Ya same ta tana juya tunkuza a turmi, mai na tsattsafowa.

"Yaya, baƙi za su zo ranar Laraba."

"Baƙin wa?"

"Na kamfani. Za su ɗan yi tambayoyi. Abin da nake so, ki bar ni in yi magana. In sun tambaye ki, ki amsa da Hausa, ni zan fassara."

"Ba sa jin Hausa, ni kuma ba na jin Turanci ke nan?"

"Na ranar kawai."

Ta tsaya da juyin. "Siraju, me ka gaya musu?"

Ya gaya mata, yana ragewa, yana kallon ƙasa. Ta saurara. Da ya kai wurin da ya koya musu tsabta, ɗaya daga cikin matan, Ruka, ta ajiye matankaɗi ta juyo gaba ɗaya.

"Mu ne ƙazaman?" in ji Ruka.

"Salon magana ne kawai, Anti. Haka ake yi a gasa."

Salihatu ta daɗe tana dubansa. Ita ta goya shi, ita ta yi masa wankin makaranta, kuma daga cikin kwalayen nan aka biya kuɗin karatun da ya koyo wannan salon. Ta ce, "Wane ƙauye ka ce muke?"

"Ban faɗi suna ba."

"To Alhamdu lillahi, ka bar mana garinmu." Ta ci gaba da juyi. "Ba zan yi maka ƙarya ba, ba kuma zan tona ka ba. Zan yi aikina. Ka ce su zo kafin azahar, bayan nan ina da lodi."

Ranar Laraba wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mutum uku suka fito: mai ɗaukar hoto, da wani saurayi riƙe da fayil, da shugabarsu, Madam Promise, mace mai tabarau da ƙaramin littafi. Ta dubi kwalta, ta dubi shagon cajin waya da ke kallon gidan, ta tambaya ko nan ne ƙauyen. Sirajuddeen ya ce gari ne ya faɗaɗo ya cim musu.

Da farko komai ya tafi daidai. Ya zagaya da su, yana nuna murhu da turmi da hannu kamar mai nuna gidan tarihi. Ya sa wa matan hular leda da safar hannu da ya sayo da safe, Ruka na ta fama da tata don tunkuza na manne mata. Mai hoto ya ce Fawunda ya riƙe muciya. Ya riƙe ta a wajen da ba a riƙewa.

Sai Madam Promise ta buɗe littafinta. Ta tambaye shi mudu nawa suke sarrafawa a rana. Ya faɗi wani adadi. Ta tambayi man da ke fita daga buhu ɗaya. Ya faɗi wani adadin, wanda in da gaskiya ne da gyaɗar ta fi ruwan rijiya yawa. Ta rubuta. Ta juya wajen Salihatu ta ce a tambaye ta yaya rayuwarta take kafin zuwan wannan kamfani.

Sirajuddeen ya fassara. Salihatu ba ta ɗago daga kaskon suya ba ta ce, "Lafiya lau."

"Ta ce," in ji Sirajuddeen da Turanci, "kafin zuwanmu rayuwa ta yi mata duhu, ba ta san inda za ta sa kanta ba."

"Yanzu fa?"

Ya sake fassarawa. Salihatu ta ce, "Lafiya lau. Ka ce ta matsa, mai zai fallatsar mata."

"Ta ce yanzu tana ganin haske, kuma tana godiya."

A daidai nan wayar Salihatu ta yi ƙara a cikin zaninta. Ta duba, ta ga mai sarin kayanta ce ta Ilori, wadda ba ta jin Hausa ko kaɗan, kuma ba a ƙin ɗaga mata waya. Ta dubi ƙanenta sau ɗaya, ta cire safar hannu ta ɗauka. Cikin Turanci mai tsabta, irin na malamar aji, ta shaida wa matar cewa kayanta za su bar tasha da la'asar, ta ba ta lambar direba da ka, ta ce mata farashin gyaɗa ya tashi a wannan makon saboda manoman wajen Mariga da yawa ba su samu shiga gona ba, don haka lodi na gaba sai an sake magana. Matar ta yi ƙorafi. Salihatu ta lissafa mata abin dalla-dalla har ta yarda. Ta kashe waya, ta mayar da safar, ta ɗauki mataci ta ci gaba da tsame ƙuli.

Sirajuddeen ya juya wajen Madam Promise. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Muna kuma koya musu Turanci."

Ruka ta shige ɗaki da gudu, aka jiyo ta tana tari.

Madam Promise ta cire tabarau ta goge. Ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da Salihatu, suka yi kusan rabin awa suna magana, ba tafinta. Shekara nawa tana yi? Goma sha biyu. Wa ya samo kasuwar Ilori? Wani direba ne ya kai wa matarsa tsaraba, maƙwabta suka ɗanɗana. Me ta fi buƙata? Injin matsar mai, don juyin turmi na cin kafaɗun mata. Da aka zo kan ƙanenta, Salihatu ta ce, "Ledar nan mai ƙyalli shi ya kawo." Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Sirajuddeen ya raka su mota. A ransa ya riga ya ga sunansa a Fesbuk, ya ga 'yan ajinsu suna tura wa juna. Kwana huɗu bai fita ba. A rana ta biyar aka kira shi aka ce ya zo na ɗaya.

Daga baya saurayin nan mai fayil ya ba shi labarin yadda aka yi. Madam Promise ta rubuta gaskiyar abin da ta gani, ta ba da shawarar a ba Salihatu kyautar. Aka duba ƙa'ida. Gasar ta ɗalibai ce, Salihatu ba ɗaliba ba ce. Ta matasa ce 'yan ƙasa da talatin da biyar, ita tana da talatin da shida. Ana son kamfani mai rajista da tambari, ita ba ta da ko ɗaya. Sauran biyun da suka kai ƙarshe kuwa, ɗaya gonar kifinsa ba ruwa, ɗayan kuma ba a ma samu adireshinsa ba. Ga shi an riga an kama zaure a Abuja, an gayyaci manyan baƙi, kuma a duk hotunan da aka tara babu wanda ya kai na matan nan biyar kyau. Aka cire shafi biyu daga rahoton Madam Promise, aka buga sauran.

Ya je Abuja. Aka ba shi allon gilashi mai sunansa, aka ɗauke shi hoto da manya, ya yi jawabin matan ƙauye ya ƙara masa wata tsohuwa makauniya da ba ta cikin na Minna. Da ya dawo, 'yan unguwa suka yi ta zuwa barka. Malam Nma ya ce Allah ya sa alheri.

A gaskiya abin ya ɗan taɓa shi. Washegarin dawowarsa ya cire kwat, ya ɗaura tsohon wando, ya ce wa Salihatu yau da shi za a yi aiki. Ta miƙa masa muciya ta nuna masa turmi. Ya juya na minti ashirin, tafin hannunsa ya yi bororo, hayaƙi ya sa shi hawaye. Sai wayarsa ta yi ƙara, wani gidan rediyo na son hira da shi. Ya ce yanzu zai dawo. Ruka ta ɗauki muciyar.

Salihatu ta yi masa maganar injin matsar mai sau ɗaya. Ya ce yana cikin tsari, amma a kimiyyar kasuwanci ana fara gina suna ne kafin kayan aiki. Ya kama ofis a saman wani bene a bakin babban titi, ya sa kujera mai juyawa da labule da allon suna mai wuta. Ya yi odar leda mai ƙyalli dubu goma daga Legas. Ƙuli-ƙulin da ke cikinta na Salihatu ne, yana saye a hannunta kamar kowa, amma farashin ya ninka uku saboda ledar. Ɗalibai suka ɗauki hoto da ita, suka koma suna sayen na farar leda a bakin ƙofar makaranta, wanda shi ma na Salihatu ne. Har yau ledojin na nan cikin buhuna a bayan kujera mai juyawa.

Andarawus ya ajiye muƙaminsa ba tare da rigima ba. Ya kama rumfa a kasuwa yana gyaran waya, yanzu rumfunansa biyu, mutum uku na aiki a ƙarƙashinsa. Ba a taɓa gayyatarsa ya yi jawabi a ko'ina ba. Madam Promise ta bar gidauniyar bayan shekara guda, amma duk wata takan kira Salihatu a aika mata kwali biyu, ƙanwarta na da kanti a Kaduna. Injin kuwa Salihatu ta saya da kanta a shekara ta biyu, wanda aka taɓa amfani da shi, daga wajen wani mutumin Yawuri.

Sirajuddeen ya gama jami'a da kyar, bayan ya maimaita darasin lissafin kasuwanci sau biyu. Bai nemi aiki ba, aiki ne ya neme shi. Duk ƙungiyar da ta zo yankin da shirin tallafa wa matasa tana buƙatar ɗan gari wanda ya yi nasara, mai allon gilashi, wanda ya iya tsayuwa gaban majigi. Yau yana Minna, gobe Bida, jibi Birnin Kebbi, yana koya wa matasa yadda ake kafa kamfani. Ana biyansa kuɗin zama da na mota. Ya yi ƙiba, ya sayi mota ƙarama, kwat ɗinsa yanzu huɗu.

Bara ya ga wata yarinya, Khairunnisa, 'yar wani mai sayar da taki, ya ce aure yake so. Kamar yadda aka saba, dangin yarinya suka turo a yi bincike. Kawunta, wani dattijo da ya yi shekara arba'in yana awon hatsi, ya zo gidan da kansa. Malam Nma ya ji an ce ga shi nan, ya tuna yana da uzuri a kasuwa. Aka bar Nna Madina da baƙo a zaure, tana daga bayan labule.

Bayan gaisuwa dattijon ya ce, "Hajiya, yaron nan an yabe shi, ba ya sha, ba ya faɗa. Abu ɗaya ne ban gane ba. Mece ce sana'arsa?"

"Yana da kamfani."

"Haka aka ce mini. Me kamfanin ke sayarwa?"

Nna Madina mace ce da ba ta iya ƙarya ba, ba ta kuma son ɗanta ya rasa mata. Ta leƙa tsakar gida ko Salihatu za ta kawo mata ɗauki, Salihatu ta duƙar da kai tana ɗaure kwali.

"Alhaji, ni dai ban taɓa ganin ya sayar da komai ba," in ji ta a ƙarshe. "Amma yana koya wa mutane yadda za su sayar."

"Su kuma suna sayarwa?"

"Wasu daga cikinsu, na ji an ce, su ma koyarwar suke yi yanzu."

Dattijon ya daɗe yana shafa gemu. Ya tambaya ko abin na kawo abinci, aka ce yana kawowa. Ya tambaya ko gwamnati ta san da shi, aka ce har hoto suna yi tare. Ya ce to, shi dai ya tsufa, duniya ta wuce shi, amma tunda ba sata ba ce a fili, ba zai hana ba.

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla. Sirajuddeen bai samu zama walimar har ƙarshe ba, don washegari da safe yana da jawabi a Minna, a kan muhimmancin riƙon gaskiya a harkar kasuwanci.